Kafin a Zuba wa A-Kiok Kankare

Kowace Litinin da ƙarfe bakwai na safe, Weng Peiru takan hau rufin ofishin 'yan kwangila da akwatinta, ta fito da ɗan jirginta marar matuƙi, ta sa masa batir, ta sake shi sama. Shekara biyu ke nan tana wannan aiki a bayan garin Tainan. Aikin kuwa guda ne: ta ɗauko hoton ginin daga sama ta kusurwa goma sha shida, kullum daga wuri ɗaya, don manyan kamfanin su jera na wannan mako da na wancan, su ga ko ana tafiya ko ana jan ƙafa. In ta sauko sai ta zare memori ta miƙa wa mai gadi, ya rufe a ambulan ya buga hatimi. Ko wayarta ba ta shiga wurin sai an liƙe idon kyamararta da takarda. Masana'antar da za ta ƙera 'yan ƙwaƙwalen nan da ke cikin wayoyi da motoci ce, kuma masu ita sirri gare su kamar me.

Babu abin da Peiru ba ta gani ba daga sama. Ta ga ranar da katafila ta shiga gonakin rake da na shinkafa ta shafe su. Ta ga an kafa ginshiƙai cikin ƙasa har ta daina ƙirga. Injinan ɗaga kaya suka tashi daga uku zuwa arba'in da ɗaya, babban ginin ya riƙa hawa bene-bene, aka rufe shi da farin rufin da ya fi ƙauyensu duka faɗi. Ƙauyen yana nan bayan sabon titi, kuma gonar ubanta tana cikin waɗanda aka shafe.

Uban nata, A-Sung, shekararsa saba'in da huɗu, kuma su biyu ne a gida tun da uwarta ta rasu. Duk Litinin da yamma, in sun zauna cin abinci, tambayarsa ɗaya ce.

"Ina suka kai?"

A doka bai kamata ta faɗa ba. Amma wa zai kai ƙara? Sai ta jawo kwano ta ce ga babban gini, ta ajiye cokali ta ce ga sabon titi, ta nuna masa inda aka ci a wannan makon. Shi kuma ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa. Ita a zatonta kewar gona ce ke damun tsoho, har takan ji tausayinsa ta ƙara masa kifi.

Ranar da maganar ta fashe, sha ɗaya ga wata ne, kunun shinkafa suke sha da soyayyen kifi.

"Ina suka kai?"

"Sun kusa cinye filin, Baba. Saura 'yar kusurwar kudu, inda suke jibge bututu. Bututun ma sun kwashe. Ran ashirin za su zuba kankare, tankunan tace ruwa za su zauna a wurin."

"Kusurwar kudu ta wajen ina?"

"Wajen inda gonarmu ta ƙare, in ban yi kuskure ba."

Tsoho ya ajiye tsinkunan cin abincinsa a kan kwano. Peiru ta zaci ƙayar kifi ce ta maƙale masa.

"Gwaggonki tana wurin," ya ce.

"Wace gwaggo? Baba, kai ba kai kaɗai aka haifa ba?"

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Yana da yaya, A-Kiok, wadda ta goye shi a baya tun bai san hannun damansa ba. Tana da shekara goma sha bakwai zazzaɓi ya kama ta lokacin saran rake, kwana tara ta cika. Ba ta yi aure ba. To mu nan Tainan, kuma ba zan yi wa al'adarmu kwalliya ba, 'yar da ta mutu ba ta yi aure ba ba ta da gurbi a gidan ubanta. Ba a sa ta a maƙabartar dangi, ba a rubuta sunanta a allon kakanni, ba a kunna mata turare a teburinsu. Wai mace a gidan miji take cin turarenta, wadda ba ta kai can ba kuwa ta faɗi a tsakani. Haka aka naɗe A-Kiok aka kai ta ƙarshen gona aka rufe, ba dutse, ba alama.

"Iyaye ba sa raka ɗansu kabari, kin sani," in ji A-Sung. "Sai Mama ta ja ni bayan ɗaki ta ce in bi masu haƙa, in ƙirga wurin in riƙe mata. Inda lambatun ban ruwa ya yi gwiwa, taku goma sha biyu zuwa gabas. Na dawo na faɗa mata a kunne. Daga ranar Baba ya ce kada a sake ambaton ta a gidan nan, ba a kuwa sake ba."

Ran Peiru ya ɓaci. Ta tuna lokacin da hukuma ta liƙa sanarwa, wata uku aka ba kowa ya yi wa kaburburansa rajista a kwashe. Ita da kanta ta kai shi ofishin a mota. An tsinto ƙasusuwan kakanninsu goma sha ɗaya, an zuba a tuluna, an jera a hasumiyar ajiya, an yi walima.

"Haba Baba! Fom ɗin yana hannunka! Layi ɗaya za ka ƙara!"

"An ce a rubuta lambar kabari, a haɗa da hoton dutse. Wane dutse? Na riƙe biro na tsaya, na ji muryar ubana a kunnena." Ya share baki da bayan hannu. "Shekara sittin da shida ina yi masa biyayya, har bayan ransa. Na ce wa kaina wataƙila ba za su kai can ba, wataƙila su bar wurin su shuka ciyawa."

"Shi ya sa kake tambayata duk mako."

"Shi ya sa."

"Shekara biyu ina shawagi a kanta, Baba, kana kallona ina jera maka kwanoni!"

Haushinsa take ji ƙwarai, kuma tausayinsa bai bar ta ta ƙara kalma ba. Kwana tara ya rage a zuba kankare mai kaurin tsayin mutum a kan A-Kiok, kuma in aka zuba, shi ke nan, babu mai sake taɓa wurin har jikokin jikoki.

Matsalar ita ce lambatun. Shi ne ma'auni, shi kuwa katafila ta cike shi tun shekarar farko. Kusurwar kudu yanzu fili ce fetal, ta kai filin ƙwallo huɗu, ba itace ba tudu. Amma wanda ya daɗe yana kallon ƙasa daga sama yana sanin abin da mai tafiya a kanta bai sani ba. Peiru ta sha lura da cewa bayan ruwan sama, in fili ya fara bushewa, tsoffin lambatu sukan fito baƙi-baƙi na ɗan lokaci, domin ƙasar da aka cike su da ita ta fi riƙe laima. Sai dai watan Janairu ake ciki, kuma a kudu ba a sa ran ruwan kirki sai Mayu.

Washegari ta je wurin Siao, shugaban ma'aikatan ɓangaren kudu. Gajere ne mai ƙaton wuya, bakinsa ja jawur da goron da yake taunawa, kuma bai iya magana a hankali ba.

"A'a, direban sama! Yau Talata, me ya sauko da ke ƙasa wurin talakawa?"

Ta ja shi gefe ta faɗa masa. Tun tana tsaka da magana ya daina tauna.

"Malama Weng, kin san abin da kike ɗauko min? Takardu, hukuma, masu binciken kayan tarihi, 'yan jarida. A tsayar min da aiki wata uku, na sama su ci namana ɗanye. Me ya hana tsohon magana tun da wuri? Bakinsa ɗinke yake?"

"Ya yi laifi, Oga Siao. Ni ma na faɗa masa."

"Kin tabbata ma tana nan?"

"Shi ya tabbata."

Siao ya cire hular kwano ya sosa kai, ya dubi filin, ya tofar da jan yawu.

"Kai! Da ba ki faɗa min ba da na zuba abina na yi barci. Yanzu kuwa in zuba wa mutum kankare a ka ina sane? Ina da 'ya'ya mata biyu, ke. Kuma ma'aikatan nan in ɗaya ya ji ƙishin-ƙishin, gobe rabinsu ciwon ciki zai kama su." Ya mayar da hular. "Bari in hau sama in yi kuka. Amma ta ina za ki nemo ta a wannan fili? Haƙe shi duka za mu yi?"

"Tankokin ruwa nawa kake da su na kwantar da ƙura?"

"Shida. Me ya haɗa su da wannan?"

Ta yi masa bayani. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce ashe zaman rufin nan ba shan iska kawai take yi ba. Kwana biyu ya yi yana hawa da sauka tsakanin ofisoshi, ran Alhamis ya kira ta. An ba su safiyar Asabar, daga shida zuwa sha biyu. In sha biyu ta buga ba a samu komai ba, masu ɗaura rodi za su shiga, kuma ba wanda zai sake ta da maganar.

Mai tsintar ƙasusuwa, Pan, sa'an A-Sung ne, tare suka yi firamare. Shi ya kwashe kakanni goma sha ɗayan. Da suka je gidansa ran Juma'a ya saurari labarin yana girgiza kai.

"Kai dai A-Sung tun muna yara haka kake, sai wuta ta kai gemu kake neman ruwa. Na tambaye ka a lokacin, na ce ko akwai saura? Ka ce babu."

"Na ce babu."

"To. In mun same ta, a hasumiya ba za ta shiga layinku ba, ka san wannan. Akwai haikalin 'yan mata a hanyar dutse, inda ake ajiye irinsu. Zan kira mai kula da wurin ya ware mata gurbi. Suna da tsabta, ana kunna musu turare safe da yamma, har hoda da janbaki mutane ke kai musu."

A-Sung ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa. Peiru tana zaune tana riƙe da kofin shayi, sai ta ji abin ya soke ta a inda ba ta zata ba. Shekararta arba'in da huɗu, ba ta yi aure ba, ba ta kuma da niyya. Ba ta taɓa tsayawa ta tambayi inda za a kai ta ba, ga shi an faɗa mata a gabanta ba tare da an dube ta ba. Ta shanye shayin ta ce su tafi, gobe da sammako.

Asabar da asuba aka rataya wa A-Sung katin baƙo, aka kifa masa hular kwano da ta yi masa yawa, aka liƙe idon tsohuwar wayarsa. Mai gadi ya so ya hana shi hawa rufin, wai baƙo ba ya kallon hoton sama. Siao ya daka masa tsawa.

"Idon tsoho yana da memori ne? Bar shi ya hau! Kawu, taka a hankali, matakalar nan ta fi ni mugunta."

Tankoki shida suka shiga kusurwar kudu a jere suna fesa ruwa, suka je suka dawo sau uku har filin ya yi baƙi ɗaya. Sannan suka fita, aka zauna jiran rana. Wajen bakwai da rabi Peiru ta saki jirgin, ta kai shi sama sosai, ta juya wa ubanta gilashin na'urar.

Bai taɓa ganin wurin daga sama ba. Ya sa tabarau ya matso. Ga farin rufin ya cika rabin gilashin, ga injinan ɗaga kaya suna juyi a hankali da ƙarafa a bakinsu, ga bututu masu kaurin ɗaki sun bi gefen gini, ga motocin kankare a layi har bakin ƙofa, ga hulunan ma'aikata ruwan ɗorawa birjik kamar an watsa masara. Ya daɗe yana nema da yatsa.

"Ina gonar Pan? Ina rijiyar? Ina hanyar da muke kai rake?"

"Duk suna ƙarƙashin farin nan, Baba."

"Shekara hamsin na yi noma a nan," ya ce. "Ko da ido rufe nakan je gonata. Yanzu ga idona a buɗe."

Ta mayar da jirgin kan kusurwar kudu ta tsayar da shi. Filin ya fara yin fari daga gefe. Batir na farko ya ƙare, ta sauko da jirgin ta canza, ta sake tayar da shi. Takwas ta wuce. Ba ta taɓa gwada abin da ruwan tanka ba, kuma in bai yi ba ba ta da wata dabarar. Takwas da kwata sai wani siririn duhu ya fara rabuwa da farin, guntu a nan, guntu a can. Guntayen suka haɗu suka zama layi, ya taho daga arewa a miƙe, ya zo tsakiyar filin ya karya ya nufi yamma.

A-Sung ya damƙi hannunta har jirgin ya yi tangaɗi.

"Ga shi! Ga lambatun! Ga gwiwar nan, Peiru, ga ta nan!"

Ta ɗauki oba-oba ta kira Siao, wanda ke tsaye a filin da tuta a hannu. Shi a ƙasa ba ya ganin komai sai laka.

"Gaba, Oga Siao. Gaba. Hagu kaɗan. A'a, ka wuce, dawo taku biyu. Tsaya nan. Kafa."

"Yau ni ake tuƙawa daga sama," in ji Siao ta oba-oba, ya soka tutar.

Da suka sauko za su shiga filin, sai A-Sung ya ja ya tsaya. A bakin shingen an ajiye wani gajeren tebur, bisansa kwalayen abinci guda biyar a buɗe, shinkafa da cinyar kaza, da kofunan shayi, da turaren tsinke yana hayaƙi. Wasu ma'aikata biyu suna ƙona takardun kuɗin matattu a cikin garwa.

"Na wa ne wannan?" ya tambaya, ko da yake ya sani.

"Na masu wurin ne, Kawu," in ji Siao. "Waɗanda ke kwance a ƙasa ba su da kowa. Sau biyu a wata muke ajiye musu tun ranar da muka fara, don su yi haƙuri da hayaniyarmu. Yau ba ranar ba ce, amma na ce a ƙara."

Tsoho ya tsaya yana kallon cinyar kazar.

"Shekara biyu baƙi suna ba ta abinci," ya ce. "Mu ko ruwa ba mu taɓa kawo mata ba."

Siao, mai bakin nan, ya juya yana gyara hularsa da ba ta karkace ba.

Pan ya kunna turare ya sanar da A-Kiok cewa ƙaninta ne ya zo, kada ta firgita. A-Sung ya tsaya a gindin tutar, ya fuskanci gabas, ya taka goma sha biyu yana ƙirgawa da ƙarfi. Ƙaramar motar haƙa ta kankare saman ƙasar, sannan mutum huɗu suka shiga da shebur. Suka haƙa har ƙugu. Suka faɗaɗa hagu, suka faɗaɗa dama. Pan yana durƙushe yana murza ƙasar da yatsu yana shinshinawa, yana cewa wannan ba a taɓa motsa ta ba. Goma ta buga. Goma da rabi. Can bakin shinge motar rodi ta riga ta iso ta kashe inji, masu ɗaurin suna zaune a inuwarta suna jira.

"Goma sha biyu ne," A-Sung ke ta faɗa. "Na rantse goma sha biyu ne. Kullum sai na maimaita kafin in kwanta."

Pan ya fito daga ramin yana haki, ya zauna a bakinsa, ya dubi tutar, ya dubi ramin, sannan ya dubi ƙafafun abokinsa.

"A-Sung, shekararka nawa ranar da ka ƙirga?"

"Takwas."

"Takwas! Kai, tsohon banza! Ka auna da ƙafar yaro, ka zo kana taka mana da ƙafar raƙumi! Kuma kai da na sani, a ajinmu kai ne guntu."

Wani daga cikin masu haƙan ya yi dariya ya haɗiye ta. A-Sung ya koma gindin tutar. Ya rufe ido, ya fara takawa ƙanana-ƙanana, kamar mai tsoron taka ƙaya, hular kwanon tana rawa a kansa. Peiru ta kawar da kai, don ba za ta iya kallon tsoho yana tafiyar yaro ɗan shekara takwas da aka aika ya ga inda aka rufe yayarsa ba. Ya tsaya wajen rabin tazarar farko.

Sha ɗaya da minti goma shebur ya shiga ƙasa mai laushi, baƙa. Pan ya ɗaga hannu, kowa ya ja baya. Ya miƙa wa Peiru baƙar lema ya ce ta riƙe a kan ramin, rana ba ta taɓa ƙashin mamaci. Daga nan da hannu ya ci gaba, da ɗan buroshi da rariya.

Ba su da yawa. Laimar shekara sittin da shida ta ci rabonta, abin da ya rage ya yi launin shayi. Pan yana ɗaukowa ɗaya-ɗaya yana gogewa yana jerawa a kan farin ƙyalle, yana kiran sunan kowanne a hankali. Da ya fito da ƙoƙon kai da hannu biyu, A-Sung ya durƙusa a laka. Ya dubi ƙasusuwan hannun da suka goye shi, sirara kamar tsinke.

"Ashe ƙarama ce," ya ce. "Ni ina ganinta babba. Pan, ashe yarinya ce."

Ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, kafaɗa kawai ke motsi. Peiru hannunta ya gaji da lemar amma ba ta canza ba, hawaye na zubo mata ba hannun sharewa.

Pan ya shirya ta a tulu yadda ake yi, ƙafafu a ƙasa, sannan gwiwa, sannan baya, kai a sama, ta zauna zaman mutum. Ya rufe ya ɗaure da jan ƙyalle. Sha biyu saura minti takwas suka fita daga shingen. Siao ya raka su har mota, ya sunkuya wa tulun sau uku, sannan ya juya ya daka wa masu rodi tsawa su tashi.

A bakin ƙofa Pan ya leƙo ta tagar motar Peiru. A-Sung yana zaune a gaba, tulun a kan cinyarsa, ya rungume shi.

"Ku biyo ni a baya, mai haikalin yana jira. Kai kuma kada ka yi shiru irin naka. Ba ta san hanyoyin nan ba, duk bayanta aka yi su. Duk gada, duk kwana, ka faɗa mata kafin a kai, in ba haka ba za ta ɓace a hanya, tulu kawai za ka kai."

Suka hau sabon titi, motar Pan a gaba. A-Sung ya sunkuyar da kai kusa da murfin tulun.

"Yaya, mun fito. Mota ce, kada ki ji tsoro, 'yata ce ke tuƙi."

Suka yi gaba.

"Yaya, za mu haye gada. Ki biyo mu."

Suka haye. Ya faɗa mata shataletale, ya faɗa mata gada ta biyu, ya faɗa mata ramin da ke ƙarƙashin titin jirgin ƙasa. Muryarsa tana ƙara fitowa, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana da mutum ba kuma bakin ya fara sakuwa.

Can gaba hanya ta rabu biyu. Dama ta hau dutse, hagu ta gangara ƙauye. Motar Pan ta kunna sigina ta dama, Peiru ma ta kunna tata. Tsoho ya ɗaga kai ya dubi mararrabar, ya ƙara matse tulun a ƙirjinsa. Bai dubi 'yarsa ba.

"Yaya," ya ce, "za mu juya hagu. Gida za mu."

Peiru ta mayar da sigina hagu.